A Ƙetare Tukuna: Tunawa da Kawu Mai Motar Burodi

Ranar da Kawu ya rasu, duk wanda ya hawo benenmu a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou tambaya ɗaya yake fara yi tun kafin ya cire takalmi: "An kai shi?" In na ce an kai shi, sai ka ga mutum ya sauke wani dogon numfashi ya ce alhamdu lillahi, sannan ya tuna da gaisuwar mutuwa ya zo, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya haƙuri?"

Wata ɗaliba da ba ta daɗe da zuwa Guangzhou ba ta ja ni gefe, fuskarta a murtuke. Ta ce, "Anti, wai mutanen nan ba sa ƙaunarsa ne? Na ga kowa sai hamdala yake yi." Na ce mata, yarinya, zauna ki ci tuwo, ba ki san garin nan ba tukuna. Kawu ya cika ne bayan sallar asuba a gidansu, can gaba da Wudil, lokacin nan mun idar da azahar. Kafin a kira magariba a nan, can an wanke shi, an sallace shi, an rufe shi kusa da iyayensa. Mu da muke zaune a ƙasar Sin mun san darajar wannan, shi ya sa hamdala take riga kuka fitowa daga bakinmu.

Kukan ma an yi shi. Babban amininsa, wani dattijo ɗan Nijar da muke kira Alhajin Damagaram, ya zauna a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Shi da Kawu ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, wasan Kanawa da Damagarawa. Ranar ma bai fasa ba. Yana share hawaye da hularsa yana cewa, "Bakanon nan ya cuce ni, ya gudu ya bar ni da Sinawa." Direban da yake ɗaukar wa Kawu kaya shi ma ya zo da ledar lemo, Basine ne, ba ya jin Hausa ba ya jin Turanci. Ya tsaya ya dube ni ya ce, "Laoban meyo?" Laoban shi ne maigida, meyo kuwa ita ce kalmar da masu shago suke faɗa maka in abin da kake nema ya ƙare. Na ce masa meyo. Ya ajiye lemon a hankali, ya sauka bene.

Na ce sai na rubuta wani abu a kansa, don garin nan ba ya riƙe mutum. Yau ka san masu ɗaki, baɗi wasu ne a ciki. Ba na son a wayi gari a Xiaobei ba wanda ya san an yi wani tsoho mai taurin kai da ya kai mu zango bakin tafki a motar burodi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Ni kuwa na riƙe muƙamin nan hannu bibbiyu, ina yi masa faɗa yadda na ga dama. Ya riga yawancinmu zuwa garin nan. Takalma ya fara saye, daga baya ya koma raka baƙi kasuwa da haɗa musu kaya. Shi ya karɓe mu ni da maigidana da yara lokacin da muka zo, shi ya nuna min inda ake sayar da naman halak, shi ya koya min in ce tai guile, wato ya yi tsada, tun kafin in ji kuɗin kaya.

Abin da ya fi alfahari da shi a duniya shi ne kakansa falke ne, irin fataken da suke bin ayarin jakuna zuwa Gwanja sayen goro. Kawu bai taɓa ganin Gwanja ba, jaki ma ban ga alamar ya iya ɗaure masa kaya ba, amma in ya fara ba ka labarin ayari ka rantse jiya ya dawo. A cikin duk abin da ya gada daga bakin kakan nan, ƙa'ida ɗaya ya fi riƙewa. Ya ce fatake ba sa kwana a gaban kogi. In ayari ya iso bakin ruwa da yamma, komai gajiya sai an ƙetare kafin a sauke kaya, don in ruwa ya zo cikin dare ya tarar kun riga kun wuce. Wannan magana ya mayar da ita ta komai. Ka ce masa a tsaya a ci abinci kafin a hau gadar ƙafa ta titin Huanshi Lu, ya ce, "A ƙetare tukuna." Ka ce a huta kafin a kai kaya sito, ya ce, "A ƙetare tukuna." Har yarana suka koya, in na ce su zo su yi wanka sai su ce min a ƙetare tukuna, in bi su da ludayi.

Akwai wani aiki da yake yi wanda ba ya ba da labarinsa. Shi ne mai wankan gawa a cikinmu. In wani namu ya rasu, namiji, Kawu ake kira. Shekarar da ta gabaci wasannin Olamfik da aka yi a ƙasar Sin wani bawan Allah ɗan ƙasarmu ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, bai shura ba. Ba shi da kowa a nan. Gawarsa ta yi makonni a ɗakin sanyi, ana neman takardu, ana jiran sa hannun 'yan'uwansa daga gida, a fassara wannan, a buga wa wancan hatimi. Ba mugunta aka yi mana ba, ƙa'idarsu ce haka, amma mu da muka saba a kai mutum kafin rana ta yi zafi, abin ya tsaya mana a rai. Duk tsawon lokacin nan Kawu yakan bar kasuwa ya je ya zauna a kan benci a wajen ɗakin da carbinsa. Na tambaye shi amfanin zaman, tunda ba barinsa za a yi ya shiga ba. Ya ce, "Uwata, baƙo ne. Ba a barin baƙo shi kaɗai."

To a wannan shekarar ne likita ya gaya mana zuciyar Kawu ta gaji. Ƙafafunsa suka fara kumbura, in ya hau bene sai ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana duba waya. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi na safe da na yamma. Da Inna, mahaifiyata, ta ji, ta kira ni ta wanke ni tas kamar ni na sa masa ciwon. Ta ce, "Ki dawo min da yayana da ƙafarsa. Ban yarda a kawo min shi a akwati kamar kayan kasuwa ba, ban kuma yarda a ajiye min shi a firji ba. Kin ji ko ba ki ji ba?" Na ce na ji. Daga ranar nan ban ƙara barci mai daɗi ba. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ga bencin nan a idona, in ga ni ce a kai.

Na same shi na ce Kawu, lokacin komawa gida ya yi. Ya ce ina, ai bai gama ba. Na ce me ya rage? Ya ce, "In na tafi wa zai wanke ku?"

Raina ya ɓaci, bakina kuma ba ya jira. Na ce, "Kai wa zai wanke ka?"

Wallahi sai da na so in kamo maganar in mayar. Ya dube ni ya daɗe, ya ɗauki hularsa ya fita. Ya yi fushin da bai taɓa yi da ni ba. Ya daina zuwa cin abinci, ya koma cin taliyar Musulmin Sin a bakin titi, shi da yake cewa taliyar nan igiyar shanya ce. Ni ma na kafe, ban ba shi haƙuri ba, amma kullum sai na aika masa da tuwo a kula. Kular takan dawo a wanke tas, ba ko sannu.

Motar burodi ce ta shirya mu. Sinawa haka suke kiran ƙananan motocin nan na ɗaukar kaya, don sun yi kama da burodin gwangwani. Kawu ya je wani baje kolin kaya ya ga irin motar da Turawa suke tafiye-tafiye a ciki, da gado da wurin girki har da banɗaki. Ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, ya tambayi kuɗinta, ya ce Allah Ya ba mai rabo. Sai ya dawo ya lallaɓa direban nan nasa. Motar ma ba ta Kawu ba ce, ta direban ce, amma har ya bar duniya Kawu mai motar burodi ake ce masa. Suka cire kujerar baya, suka shimfiɗa darduma da katifa, ya ɗaure jarkar ruwa mai famfo a gefe, ya kafa ƙusa ta rataye buta. Ran nan sai ga shi a ƙofata, ba sallamar kirki, ya ce, "Uwata, kina da tsohuwar atamfa? Labule nake so." Na ba shi, na kuma ɗinke masa bakin. Shi ke nan faɗa ya ƙare, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri.

Da farko yini muke zuwa. Ranar da babu kasuwa sosai sai a cusa mu a ciki, mu da yara da tukwane da Alhajin Damagaram, a nufi arewa da gari, can wajen Conghua inda tsaunuka suke. Yarana a bene suka tashi, daga ɗaki sai lif sai kwalta. Ranar da suka fara taka ƙasa ba takalmi, ƙaramar kuka ta sa wai wani abu yana cizon ta, ashe ciyawa ce. Kawu ya yi dariya har da tari. Ni kaina ban san na yi kewar ƙasa haka ba sai da na zauna a kanta na ji sanyinta ya ratsa zanena. Akwai wani tafki a tsakanin duwatsu, ruwansa kore shar, gora ta kewaye shi, wani ƙaramin kogi yana gangarowa daga sama yana zuba a ciki. Nan muke hura murhun gas, in tuƙa tuwon shinkafa, in kaɗa kukar da Inna take aiko min. Sinawan da suka zo shan iska su kewaye mu suna leƙen tukunya suna ɗaukar hoto. Kawu ya miƙa musu loma. Wanda ya yi ƙarfin hali ya ɗanɗana miyar kuka sai ya ce hao, hao, wai da daɗi, yana neman inda zai tofar.

Bai taɓa kiran abin nan yawon shan iska ba. Zango yake cewa. Direba shi ne jagaba, shi kuma madugu, shugaban ayari. Alhajin Damagaram ya tambayi nasa muƙamin, Kawu ya ce ai kowane ayari da jakinsa.

Da wasannin Olamfik suka matso, gari ya canza mana. Biza ta yi wuya, bincike ya yi yawa, mutanenmu da dama suka tattara suka koma, masu zuwa sari kuma suka ɗauke ƙafa. Ka shiga manyan kantunan titin Guangyuan Xilu ka tarar masu shago sun kewaye talabijin suna ihu, ba mai kallon ka. Kawu ya ce tunda kasuwa ta kwanta, wannan karon zango na gaske za a yi, da kwana. Yana da tantuna biyu da wani kamfani ya ba shi samfur. Na ce Kawu, jikinka fa. Ya ce kwana ɗaya ne, da hantsi mun dawo. Na yarda, don azumi ya kusa, kuma na ga yadda idonsa yake ƙyalli.

Mun isa da la'asar sakaliya. A bakin ƙaramin kogin nan akwai fili mai kyau, shimfiɗaɗɗe, ga inuwa. Maigidana har ya fara sauke tukunya. Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, mayar. A ƙetare tukuna." Wata 'yar gadar siminti ce a kwance a kan kogin, ruwa yana bi ta kanta bai wuce idon sawu ba. Ya sake ba mu labarin kakansa daga farko, yadda ruwa yake zuwa cikin dare ya tsare ragwayen fatake. Mu kuwa duk muka gyaɗa kai, har maigidana yana cewa lallai mutanen da sun san duniya. Direba ɗan birni ne, bai san kogi ba sai a talabijin, ya ce me wenti, ba matsala, ya tsunduma motar muka haye. Muka kafa tanti a wancan gefen, muka gasa kifi, muka yi magariba a kan ciyawa Kawu yana limanci. Sama ta ɗan haɗe can kan duwatsu, ba wanda ya damu.

Da asuba ƙarar ruwa ce ta tashe mu. Na fito daga tanti na leƙa. Kogin jiya da yara suke wasa a ciki ya zama ja wur, yana tafe da itatuwa, gadar ko alamarta babu. Muka jeru a bakinsa kamar masu jiran mota. Alhajin Damagaram ya gyara tsayuwa, ya dubi ruwan, ya dubi Kawu, ya ce cikin ladabin ƙarya, "Ranka ya daɗe madugu, pardon, tambaya gare ni. Yau ina ayari ya nufa? Gwanja za mu, ko Xiaobei?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mana gaba ɗaya. Fatake suna ƙetarewa ne don gobe gaba za su ci. Mu kuwa gobenmu baya za mu koma. Da hannunmu muka ɗauki kogi muka ajiye shi tsakaninmu da gida, muna yaba hikimar mutanen da. Maigidana ya fashe da dariya har ya durƙusa, yara suka kama ba su san dalili ba, direba ma ya taya mu. Kawu kaɗai bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon ruwan, hannunsa a baya.

Tawa dariyar ba ta daɗe ba. Na ce Kawu, ina maganinka na safe? Ya yi kamar bai ji ba. Na sake tambaya. Ya ce na jiya da yamma kawai ya ƙunso a takarda, ai da hantsi za mu koma. Innalillahi! Na ce Kawu, ka kashe ni! Waya ba sabis, bayanmu dutse, gabanmu ruwa, sama kuma ta sake sakin wani. Muka kwantar da shi a kan katifar cikin mota. Zuwa azahar ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi. Zuwa la'asar ba ya iya kwanciya, sai a zaune, yana jan numfashi kamar mai hawan bene. Ina yi masa fifita da murfin tukunya, muryar Inna tana yawo a kaina. Na ce a raina, shi ke nan, ba ma a gari ba, a daji zai mutu, kuma sai an yi bayanin me ya kawo baƙo nan kafin a ba mu gawarsa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Direba ne ya bi gefen tafki yana ƙwala kira da yarensu. Can sai ga shi ya dawo a cikin wani ɗan kwale-kwale, wata tsohuwa mai malfa tana tuƙi. Kifi take kiwo a tafkin. Ta nuna mana da hannu cewa kogin ba ya ƙetaruwa, amma in aka zagaya ta cikin tafki, inda ruwan ya baje ya huce, za a iya fita ɗaya gefen. Mutum biyu kawai jirgin zai ɗauka ban da ita. Aka ciccibi Kawu aka sa, na shiga na zauna a gabansa.

Ashe jikan fatake bai taɓa shiga jirgin ruwa ba. Da jirgin ya motsa ya damƙe gefen zanena da hannu biyu, ya rufe ido, yana ta salati. Tsohuwar tana yi masa magana a hankali, irin yadda ake lallashin yaro, ba mu san me take cewa ba. Da muka kai tsakiya ruwan ya lafa, sai ya buɗe ido. Ya dubi gefen da muka baro, ya dubi inda muka nufa.

Ya ce, "Uwata."

Na ce na'am, kada ka yi magana, ka adana numfashinka.

Ya ce, "Bar ni. Kakana bai yi ƙarya ba, ni ne ban tambaye shi ta wane gefe ba." Ya huta, ya ja iska. "Shekara da shekaru ina kwana a garin nan, ruwa yana tsakanina da gida, ina cewa na ƙetare. Ashe ni ma baya zan koma." Ya sake hutawa. "In Allah Ya fitar da ni daga kwanon nan, ki gaya wa ƙanwata ina zuwa."

Na so in rangaɗa guɗa, na ji tsoron kada jirgin ya kife. Kuka na yi a maimakonta, tsohuwar ta dube ni ta girgiza kai, ta zaci mutuwa yake yi. A ɗaya gefen wani ɗan'uwanta ya ɗauke mu a babur mai ƙafa uku zuwa wani ƙaramin asibiti, aka yi masa allura, aka sa masa iska, numfashinsa ya dawo. Sauran ayarin sai da ruwa ya janye suka fito, sun cinye kifin tsohuwa, Alhajin Damagaram kuma ya samu abin tsokana na har abada.

Kada ku zaci washegari ya hau jirgi. Kawu ne fa. Ya ce ba zai tafi ba sai ya bar masu wanka a bayansa, ya zaɓi maigidana da Alhajin Damagaram. To da me za a koya? Ya aiki maigidana Guangyuan Xilu ya samo masa mutum-mutumin roba, irin wanda masu shago suke sa wa riga. Bawan Allah nan haka ya rungumo shi tsirara a jirgin ƙarƙashin ƙasa, Sinawa suna matsa masa wuri. Duk azumin shekarar nan, bayan la'asar, a falona ake kwantar da mutum-mutumin a kan leda. Kawu yana kan kujera da sanda yana nuni: a rufe masa al'aura, a fara da dama, a juya shi a hankali. In suka yi gaggawa ya daka musu tsawa, "Ku ji min mutane, mota kuke wankewa? Ɗan wani ne!" Alhajin Damagaram ya ce wannan gawar ta fi Bakano kyau da haƙuri. Kawu ya ce ai shi ya sa ya tabbata ba daga Damagaram take ba. Ni ina kicin ina soya ƙosai, ina dariya, ina kuma ƙirga numfashinsa ta cikin bango, ina roƙon Allah Ya ara mana lokaci.

Bayan ƙaramar sallah ya ce sun iya. Muka raka shi filin jirgi a motar burodi, da labulen atamfata da butarsa tana lilo a jikin ƙusa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Tafiyar doguwa ce, ga sauka a wata ƙasa a canza jirgi, ni kuwa na san in abin ya same shi a can, ya fi na nan muni. Ban iya cin komai ba sai da Inna ta kira ta ce, "Ya sauka, ga shi a gabana, da ƙafarsa." Na zauna daɓas a ƙasa. Na yi barcin da rabona da shi tun ranar da likita ya yi magana.

Bai daɗe ba bayan nan. Ya ga babbar sallah a gida, ya ci naman layya kaɗan, ya zauna a ƙofar gida mutane suna zuwa gaishe shi yana ba su labarin ƙasar Sin, kuma na ji an ce a labarin nasa shi ne ya tuƙa kwale-kwalen. Allah Ya yafe masa wannan.

Washegarin rasuwarsa, da masu gaisuwa suka ragu, na kira Inna muka daɗe. A nan ta ba ni labarin da ba ta ba ni ba a da. Ta ce ranar da ya sauka a Kano yamma ta yi, jikinsa ba ƙarfi, sai da aka riƙe shi zuwa mota. 'Yan'uwa suka ce a kwana a birni, a gidan ɗansu, da safe a ga likita sannan a wuce gida. Har an buɗe but za a sauke akwatinsa. Ta ce sai ya ɗaga hannu, muryarsa da ƙyar take fita, ya ce, "A ƙetare tukuna."

Ta ci gaba, "Na ce Yaya, wace ƙetarewa kuma, ai ka iso. Ya ce a'a, saura na Wudil." Na ji Inna tana jan hanci. "Haka muka kama hanya. Da muka hau gada ya ce direba ya rage gudu, ya leƙa yana kallon ruwan har muka sauka. Da tayar baya ta taka ƙasa sai ya jingina, ya ce, to, yanzu a sauke kaya."

Har yanzu mukan je tafkin nan in an samu hutu, direba ya ƙi cire ƙusar butar daga motarsa. A wannan gefen muke kafa tanti, gefen gida, kuma duk wanda ya zo da mu sabo sai yara sun ba shi labarin dalili. Maigidana da Alhajin Damagaram sun riga sun yi aikin da aka koya musu, an ce hannunsu da taushi.

Kawu, uwarka ce take magana, kuma yau ba faɗa zan yi ba. Na cika wa ƙanwarka alkawari, kai ma ka cika min naka. Allah Ya jiƙan ka, Ya wanke ka kamar yadda ka wanke bayinSa a ƙasar da ba su da kowa, Ya sa kada a bar ka kai kaɗai. Gada ɗaya ta rage maka, wadda ke gaban kowa. Allah Ya ƙetarar da kai lafiya, ka sauke kaya.